Tarihin katin hoto: mi ya sa ba a iya canza na kwamfutar cinya?



Wani abu ne ya faru a gidanmu ya sa na ɗauko maganar yau. Ɗan ƙanwata yana ɗaukar bidiyon biki da suna da salula, har ya fara samun ƴan kuɗin sabulu. Da ya ga aikin yana ci, sai mahaifiyarsa ta saida tumakinta biyu, ya haɗa da abin da ya tara, ya tafi birni ya sayo kwamfutar cinya ta hannu, wadda muke ce wa okaziyo. Mai shagon ya ce masa: "Ɗauki wagga, ƙanena, in ka samu kuɗɗi ka dawo mu sa maka kart grafik babba." Yaro ya dawo da murna. Rubutu lafiya lau, kallon fim lafiya lau, amma da ya ɗora bidiyon bikin farko zai tace, sai inji ya riƙa tsayawa yana nishi, fanka na kuka. Ya yi haƙuri wata biyar yana tari. Da kuɗin suka taru ya kai wa wani mai gyara, aka kwance injin a gabansa. Daga can ya kira ni: "Kawu, wai sun ce ba ta hita. Babu ma abin da za a cire."

Gaskiya mai gyaran ya faɗa masa. Kuma ba shi kaɗai ba ne: ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi masu aikin zanen gini da taswira, da masu situdiyo, da yara masu son wasan ƙwallo a kwamfuta, da yawa sun ji irin wannan alkawari a bakin mai saidawa. Don haka bari mu koma baya mu ga inda katin nan ya samo asali, da yadda aka yi ya manne.

Asalin sunan "kati"

A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta tebur, wadda kusan duk kwamfutocin ofis na yau jikokinta ne. Babban allon da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira kart mer, bai san yadda ake fitar da hoto ba. Sai an sayi wani ƙaramin allo dabam an soke shi a wani gurbi. Wannan allon shi ne kati. Iri biyu aka fara da su: MDA mai rubutu zalla, da CGA wanda a zanensa na yau da kullum launi huɗu kawai yake iya nunawa a lokaci guda. A 1984 EGA ta zo da launi 16. A 1987 aka fito da VGA, kuma sunanta bai mutu ba: shuɗiyar kafar nan mai ramuka 15 da ake jona majigi da ita a wajen taro da horon ma'aikata, ita ce VGA, ta haura shekara talatin tana aiki.

Tun daga ranar farko ke nan, a kwamfutar tebur katin hoto abu ne da ake zarewa a soka wani. Gurbin ya yi ta canza suna, AGP a 1997, sannan PCI Express daga 2004, amma al'adar tana nan har gobe. Daga nan mutane suka ɗauki tunanin cewa kowace kwamfuta haka take.

Wasanni ne suka haɓaka sana'ar. An kafa kamfanin ATI a Kanada a 1985. A 1993 wasu injiniyoyi uku, Jensen Huang da Chris Malachowsky da Curtis Priem, suka kafa Nvidia a jihar Kalifoniya. A 1996 kamfanin 3dfx ya fitar da katin Voodoo, wanda ya ruɗa matasan wancan lokaci da hoto mai zurfi kamar za ka shiga ciki. A 1999 Nvidia ta fitar da GeForce 256, ta kira shi GPU, wato ƙwaƙwalwa ta biyu wadda ba ta da aiki sai lissafin hoto. A ƙarshen 2000 3dfx ta durƙushe, Nvidia ta saye kadarorinta. A 2006 AMD ta saye ATI a kan dala biliyan 5.4. Shi ya sa a yau sunaye uku za ka gani liƙe a jikin kwamfuta: Nvidia, AMD, ko Intel.

Bambancin ƙwaƙwalwar biyu kamar na malami ne da ƴan gayya. Babbar ƙwaƙwalwa, irin su Core i5 da Ryzen, ma'aikata kaɗan ne masu iya kowane aiki mai wuya. Katin hoto kuwa dubban ƙananan ma'aikata ne, kowa da hauyarsa, aiki iri ɗaya a lokaci ɗaya. Allon kwamfuta mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo sama da miliyan biyu, kuma ana sake lissafa su sau 60 a kowace daƙiƙa. Irin wannan gona sai gayya.

Yadda ya manne a ta cinya

Kwamfutar cinya tana da maƙiya uku: ƙarancin fili, zafi, da batir. Gurbin soka kati yana cin wuri, yana ƙara kauri da kuɗi. Sai masu ƙerawa suka zaɓi su liƙa ƙwaƙwalwar hoton kai tsaye a jikin kart mer. A ƙarƙashinta akwai ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen dalma, ba su kai ƙwayar gero ba, a jere, an narkar da su a masana'anta sun kama. Babu kusa, babu makulli. Layukan da ke kai mata wuta, da bututun tagulla mai janye zafi, da girman caja, duk an auna su daidai da wannan ƙwaƙwalwar ce.

Daga baya ma abin ya wuce liƙi. A 2010 Intel ta shigar da sashen hoto cikin kunshin babbar ƙwaƙwalwa, a 2011 ta narkar da su abu guda. AMD ma ta yi haka a 2011. Wannan shi ne Intel HD ko UHD da kake gani a yawancin kwamfutocin ofis, irin HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da suka cika kasuwanninmu. Ta ɗan ƙanwata ma haka take. Mai gyaran bai yi ƙarya ba da ya ce babu abin cirewa.

Yayi ma ya taimaka. A watan Janairun 2008 Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a, duniya ta ruɗe da siririyar kwamfuta. Daga nan kowa ya shiga gasar sirantaka, kuma duk abin da ake zarewa ya fara ɓacewa: batir ya koma ciki, wurin faifan CD ya tafi, a wasu injunan har ram aka liƙe.

Ƙoƙarin da aka yi

An gwada a ba ta cinya irin ƴancin ta tebur. A 2004 Nvidia ta fito da wani tsari mai suna MXM: ƙaramin katin hoto kamar tafin hannu, wanda ake sokawa a ɗaure da kusa. Ya samu shiga manyan injunan injiniyoyi da na ƴan wasa, kamar Dell Precision M4800 da M6800, HP EliteBook 8570w da 8770w, ZBook 15 da 17 na farko-farko, da wasu Alienware da MSI da Clevo. In ka ga wata jibgegiyar kwamfuta mai caja kamar tubali, mai yiwuwa tana cikinsu. Waɗannan kam ana iya canza musu kati.

To amma MXM bai zama na kowa ba. Girmansa iri-iri ne, akwai ƙarami akwai babba. Katin wannan kamfani zai iya shiga gurbin wancan amma injin ya ƙi gane shi. Wani lokaci ya gane shi amma tagullar sanyayawa ba ta zauna daidai a kansa ba, ko caja ta kasa ɗaukarsa. Ga shi ba a saida katin a shago kamar na tebur, sai dai a ciro daga matacciyar kwamfuta ko a yi odarsa da tsada. A hankali kamfanoni suka watsar da shi a kwamfutocin kasuwa.

A watan Janairun 2019 Dell ta sake tayar da maganar da Alienware Area-51m, aka yi ta tallarta a kan cewa ana iya canza mata ƙwaƙwalwa da katin hoto. Shekara ta zagayo, sababbin ƙwaƙwalen Intel da sababbin katunan Nvidia suka fito, amma ba su shiga ta 2019 ba, sai wata sabuwa aka fitar. A 2021 wani da ya saya ya kai ƙara kotu a Kalifoniya yana zargin an yaudare shi. Ku duba fa: a Amurka ke nan, inda ake ba da takardar garanti kuma ake da lauyoyi.

Hanya ta biyu ita ce a bar katin a waje. A 2011 aka fara sa wata kafa mai sauri da ake kira Thunderbolt, a 2015 ta uku ta fito mai siffar USB-C, a 2016 kamfanin Razer ya fitar da akwatin da ake saka katin tebur a ciki a jona da waya ɗaya. Yana aiki, amma da sharuɗɗa. Dole injinka ya kasance da Thunderbolt na gaske, wanda galibi ake sa wa alamar walƙiya. Ba kowace USB-C ba ce. Hanyar layi huɗu ce, alhali a tebur layi 16 katin yake samu, don haka wani ƙarfin yana zubewa a hanya. Sannan sai ka sayi akwati, ka sayi kati, ka nemi kuran tsayayye. Akwai kuma wasu ƴan alluna masu araha daga Sin da ake jonawa ta gurbin katin wifi, a bar ƙasan injin a buɗe, wayoyi na reto. A ɗakin da babu ƙura wannan wasan masu sha'awa ne. A Dakoro da hunturu kuwa, kowa ya san abin da zai biyo baya.

Ƙoƙari na baya-bayan nan na wani ƙaramin kamfani ne a Amurka mai suna Framework. Kwamfutarsa Laptop 16 ta fara isa hannun masu saye a farkon 2024 da katin AMD da ake zarewa ta baya, kuma a 2025 ya fitar da sabon katin Nvidia RTX 5070 mai shiga gurbin guda. Ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne in an ga dama. Sai dai kaya ne mai tsada, kuma ba irin wanda ke biyo kwantena zuwa wajenmu ba ne tukuna.

Ciwon 2008 da ya iso mana a makare

Akwai wani babi da ya shafe mu kai tsaye. A watan Yulin 2008 Nvidia ta amsa cewa wasu ƙwaƙwalen hotonta na kwamfutar cinya suna mutuwa da wuri, ta ware dala miliyan 196 don gyara da musanya. Ciwon shi ne, yawan zafi da hucewa yana tsattsage ƙananan mahaɗan da ke cikin ƙwaƙwalwar. Abin ya taɓa irin su GeForce 8400M da 8600M, da injuna kamar HP Pavilion dv6000 da dv9000, wasu Dell, da MacBook Pro na 2007 da 2008. Alamarsa: ka kunna, fitilu su kama, fanka ta juya, allo baƙi ƙirin, ko ya fito da layi-layi. Masu saye a Amurka sun kai ƙara, an sasanta a 2010, an gyara wa wasu an musanya wa wasu.

Injunan da aka gaji da su a Turai da Amurka kuwa, hanyarsu sananniya ce: tashar jirgin ruwa ta Legas, Kwatano ko Lome, daga nan Computer Village ta Ikeja da Alaba, sai Kano, sai a ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ko a biyo ta Yamai. Nan babu garanti, babu kotu. A nan dabarar gasawa ta samu kasuwa: a hura wa ƙwaƙwalwar iska mai zafi, tsagar ta ɗan haɗe, hoto ya dawo. Injin zai yi sati biyu ko wata biyu, ya isa a saida shi, sannan ya sake mutuwa a hannun wanda ya saya. Da a ce katin ana zare shi ne, da an jefar da shi kaɗai. Da yake a liƙe yake, mutuwarsa mutuwar kwamfutar ce gaba ɗaya.

Gwanayen masu gyara da ke da injin ɗaga ƙwaƙwalwa suna iya cire matacciya su dasa wata irinta sak. Wannan gyara ne, yana maido da injin yadda yake a da. Dasa wadda ta fi ta girma kuwa wani abu ne dabam, don jerin ƙafafun da wutar da sanyayawar duk ba za su zo ɗaya ba.

Mi ya sa kullum tsada yake?

Tun 2007 Nvidia ta buɗe wa masana hanyar yin wasu lissafe-lissafe da katin hoto, ba hoto kaɗai ba. A 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto suka koya wa kwamfuta gane hotuna da katin ƴan wasa guda biyu, GTX 580, suka lashe wata babbar gasa. Daga nan ƙirƙirarriyar basira ta kama hanya. Masu haƙar kuɗin kirifto ma suka wawashe katuna a 2017 da 2021. A watan Mayun 2023 darajar Nvidia a kasuwar hannun jari ta taɓa dala tiriliyan ɗaya. Yaron Dakoro mai tace bidiyon biki, da manyan kamfanonin duniya yake takarar kaya ɗaya.

Mu kuma muna da namu ƙarin. Tun bayan 26 ga Yulin 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A watan Agustan shekarar Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta dawo ba sai a 2024, kuma yankin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shan tasa. Wannan ya koya mana lissafin wuta. Kwamfutar ofis wat 45 ko 65 take ci, ƙaramin sola ya ishe ta. Ta ƴan wasa mai katin hoto tana iya neman 150 zuwa sama da 200. Babban katin tebur RTX 4090 shi kaɗai wat 450 ne. Mai suna iri ɗaya na cikin kwamfutar cinya bai wuce 175 ba, kuma ƙwaƙwalwarsa ma ƙarama ce. Suna ɗaya, ƙarfi ba ɗaya ba.

Abin da za ka yi kafin ka biya

Na farko, ka san aikinka. In rubutu ne, lissafin shago, karatu da intanet, Intel HD ya ishe ka, ya fi sanyi, ya fi riƙe batir. In tace bidiyo ne mai nauyi, zanen gini ko manyan wasanni, to ka sayi mai katin tun ranar farko, don yadda ka saye ta haka za ta tsufa. In aikin a shago ɗaya yake, ba yawo, ka yi tunanin ta tebur. Ita ce kaɗai alkawarin "ka dawo mu ƙara maka" yake gaskiya a kanta.

Na biyu, kada ka yi cinikin biri a sama. A gaban mai shago ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka duba GPU. Za ka ga sunan katin. In Windows ɗin na Faransanci ne za ka ga layi biyu: "dédiée" da "partagée". Na farko shi ne rumbun katin na kansa. Na biyu aro ne daga ram ɗin injin. Da yawa in an ce maka "grafik giga huɗu" ko "giga takwas", aron ake karanta maka. Kada kuma ka dogara da takardar da aka liƙa a jiki.

Na uku, ka sa a kunna bidiyo mai nauyi ko wasa na minti ashirin ko talatin. In allo ya fara layi, ko injin ya mutu da kansa, ko ƙasansa ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ajiye ta.

Na huɗu, ka tambayi zamanin ƙwaƙwalwar. Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga Intel zamani na takwas take farawa. Ofisoshin Turai suna sauke tsofaffin injuna, kuma mun san inda za su nufo. "Core i7" kaɗai ba amsa ba ce. Akwai i7 na 2011.

Wanda kuma ya riga ya saya, bai yi asara duka ba. A yawancin injunan ofis ana ƙara ram, kuma in aka sa guda biyu maimakon ɗaya, Intel HD yana ƙara kuzari, tun da daga ram yake ci. Ana cire tsohon disk mai juyawa a sa SSD, nan ne za ka ga canji mafi girma. A riƙa kai ta ana hure ƙura ana sabunta man sanyayawa, musamman bayan hunturu kafin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da muke haura digiri 40. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma tana aiki.

Abin da aka yi wa ɗan ƙanwata ke nan da kuɗin da ya tara na kati: ram biyu, SSD, da wankin fanka. Mai gyaran ya kuma nuna masa yadda zai riƙa tacewa da ƙaramin kwafin bidiyo, sai ya gama ya fitar da babban da dare. Aikin yana tafiya, ko da yake ba gudu ba, kuma ya fara biyan mahaifiyarsa kuɗin tumakinta.

Ga ƴan uwanmu masu saida kwamfuta, wasunku ba da mugun nufi kuke faɗin maganar nan ba, ku ma haka kunka ji. To yanzu an sani. Ku gaya wa yaro gaskiyar abin da injin zai iya, ko da zai sa ya fasa saye yau. Ku kuma iyaye da ake saida dabba don a saya wa ɗalibi kwamfuta, ku sa wanda ya san kan abin ya raka shi.

Masu gyara na Dakoro da Maraɗi da ke bibiyarmu, ku kuka fi mu ganin cikin injunan nan. In akwai abin da kuka ci karo da shi, ku ƙara mana. Allah ya sa albarka a neman kowa.